Amsar tambayarka kan goron da muke kaiwa Sakkwato

Ɗana, saƙonka ya iso ni a nan Tawa bayan sallar la'asar. Ka ce malaminku a jami'ar Yamai ya koya muku cewa tun yarjejeniyar Westfaliya ta 1648 duniya take tafiya bisa ƙasashe masu iyaka, kowace da ikonta. Shi ne kake tambaya me ya sa mu tsofaffi, in za mu ta'aziyya ko biki Sakkwato, muke ɗaure goro a algarara mu ce za mu gaisuwa gida, ba ma cewa za mu ƙasar waje.

Malaminka bai yi ƙarya ba, amma labarin Turawa ya ba ku. Kakanninmu ba da faɗin ƙasa suke auna sarki ba, da yawan mutanen da suka yi masa caffa. Gari ɗaya a Adar yana iya kai gaisuwa Sakkwato, ya kuma riƙe amana da Abzinawa, ba wanda zai ce ya ci amanar wani. Madugu in ya taso da ayari, ya biya kuɗin fito, ya sauka gidan mai masauki, to jininsa da kayansa suna wuyan sarkin garin. Kada ka ɗauka aljanna ce: akwai hari, akwai kamun bayi, kuma talaka ne ke shan wuyarsu.

Nasara shi da alƙalami ya zo. Bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda Turawa suka zauna kan rabon Afirka, Ingila da Faransa suka ja layi a 1890 daga Sayi, bakin kogin Kwara, zuwa Barruwa a tafkin Cadi, alhali ba su san rijiyoyin da ke tsakani ba. A 1898 suka zana da'ira mai mil 100 kewaye da Sakkwato. Faransawa suka ga ba su da hanya mai ruwa zuwa Damagaram, suka koma ciniki a 1904 da 1906, aka sake gusa layin. Haka Ƙwanni ta faɗo wannan gefe na Nijar, Illela ta zauna wancan na Najeriya. Ƙwannin nan kuwa ita ce sojojin Bule da Shanuwan, hafsoshin Faransa biyu, suka ƙona a 1899. Kakata ba ta taɓa ambaton shekarar ba sai ta yi salati.

Da aka sami 'yanci, shugabannin Afirka suka amince a Alƙahira a 1964 a bar iyakoki yadda aka gada, don gudun yaƙi. Na fahimce su, ko da yake abin yana ci mini rai duk lokacin da na miƙa takardata ga ɗan duwan kafin in je in ga 'yar ƙanwata.

Goron nan ragowar tsohuwar gaisuwa ce, kuma wanda ya karɓa ya san ya ɗauki nauyinka har ka koma. In kun sami hutu ka zo da katinka, akwai suna a Illela, tare za mu je. Ka gaida mahaifiyarka.