A'isha Falatiya tamu ce, ko da Larabci ta yi waƙa

Malam, ka ce ka ci karo da muryar A'isha Falatiya a YouTube, aka gaya maka Bahaushiya ce, ka kasa yarda. Wai ta yaya 'yar malami za ta tsaya tana waƙar soyayya da Larabci, a ce kuma taku ce? Sai ka zarce da tambayar da muka saba sha: mu Hausawan Sudan, da sauran Hausa a jikinmu kuwa, tunda ana auratayya tsakaninmu da Larabawa?

Sunanta A'isha Musa Ahmad. A Kassala aka haife ta, kusa da iyakar Eritiriya. Iyayenta mutanen ƙasar Sakkwato ne da hanyar hajji ta kawo gabas, irin yadda ta kawo kakannin da yawa cikinmu. Mahaifinta malamin allo ne, kuma a makarantarsa da ke Omdurman ta yi karatun Alƙur'ani. Ka sake saurarenta ka ji yadda take ba kowane harafi haƙƙinsa. Wannan bakin almajira ne.

Tun tana yarinya ta fara waƙa a gidajen biki. Uban bai so ba, ya aurar da ita don ta daina, auren bai je ko'ina ba. Kafin Yaƙin Duniya na Biyu an ɗauki muryarta a faifan garmaho a Alƙahira, ana sa shi a shagunan gahawa. Lokacin yaƙin ta bi sojojin Sudan tana musu waƙa a sansanoninsu. Gidan rediyon Omdurman ya buɗe a 1940, kuma ita ce mace ta farko da ta yi waƙa a cikinsa, 'yar'uwarta Jidawiyya tana kaɗa mata garayar Larabawa. Wasu mawaƙa maza suka yi fushi suka ƙaurace wa gidan. Laifinta biyu a wurinsu: mace ce, kuma Falatiya, sunan da ake laƙaba wa duk wanda asalinsa yamma ne, Bahaushe ko Bafulatani ko Babarbare. Ba ta ɓoye sunan ba, da shi ta yi suna har ta rasu a 1974. Duk macen da ta riƙe makirufo a ƙasar nan bayanta ta bi.

Kakata ba ta taɓa yabonta a fili ba. Cewa take 'yar malam ta zubar da girman gida. Amma in rediyo ta sa muryarta, sai ta ajiye muciya ta ce a yi shiru, maƙwabta Larabawa su san daga ina wannan muryar ta fito. Haka muke da ita har yau, da kunya da alfahari a zuciya ɗaya.

Batun auratayya da Larabawa da ka taɓo, gaskiya ne ana yi, amma ba yadda kuke zato ba. A zamanin iyayenmu Balarabe ba ya ba mu 'yarsa cikin sauƙi, mu ma ba ma sakin tamu. Da gwaggona ta auri mutumin Shandi, kakana ya daɗe ba ya taka gidanta. 'Ya'yanta yanzu Larabci ne a bakinsu, amma ranar suna sai an yi tuwo da miyar kuka, kuma sun san durƙusa wa babba. Ni ban cire su daga dangi ba.

Ka zo Mai Wurno a bakin Shuɗin Nilu, garin da ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya kafa da mutanen da suka tsira daga yaƙin Burmi da aka yi da Turawa a 1903. Ka shiga kasuwar Gadarif ko gonakin Jazira. Za ka ji Hausa tsohuwa, wadda Turanci bai taɓa ba, sai dai Larabci ya ɗan ratsa ta.

Abin da ke mana ciwo shi ne, a nan mun yi shekaru ana sa mu kawo shaidar kakanni kafin a ba mu takardar ɗan ƙasa, alhali mun nome audugar ƙasar mun yi mata soja. In kuma mun je Kano ziyara, sai a yi ta kwaikwayon maganarmu ana kiranmu 'yan Sudan. Yaranku sun haddace waƙoƙin Indiya, amma ku tambaye su A'isha, wadda har da Hausa ta yi waƙa, ku ji ko akwai wanda ya san ta.