Alhaji, Wannan Kason Mai Tsaron Raga Cinikin Biri A Sama Ne

Wani ɗan kasuwa daga Kano ya aiko da wannan tambaya:

"Assalamu alaikum Malam. Sana'ata sarin takalma, kuma wani ɓangare na kayana daga Birazil yake zuwa. Mutumin da ke haɗa mini kaya a Sao Paulo, wanda muka shekara biyar muna hulɗa ba mu taɓa saɓawa ba, ya zo mini da wata magana. Ya ce akwai wani yaro ɗan shekara 19, mai tsaron raga a wata ƙaramar ƙungiya a jihar, wakilinsa yana neman wanda zai zuba dala dubu 20 a ba shi kashi 10 cikin ɗari na kuɗin da za a sayar da yaron nan gaba. Ya turo mini bidiyo, kuma gaskiya yaron yana da hannu. Ya ce in duba nawa aka sayi Alisson da Ederson, shahararrun masu tsaron raga 'yan Birazil. Kuɗin kusan rabin jarina ne, kuma an ce in ba da amsa cikin makon nan. In shiga?"

Wa alaikumus salam Alhaji. Kada ka shiga. Ba don ina zargin abokin hulɗarka ba, wataƙila shi ma da zuciya ɗaya aka kawo masa, ya kawo maka. Matsalar tana jikin hajar: abin da ake son sayar maka, dokar ƙwallo ta daina amincewa da shi tun 2015.

A da kasuwa ce ta gaske, kuma Birazil na cikin wuraren da ta fi ci. Ƙungiyoyi na fama da bashi, sai su yanki wani kaso na kuɗin sayar da yaro su sayar wa mai kuɗi, su biya albashi. Wanda ya fi shahara a wannan harka shi ne kamfanin DIS, na masu manyan kantunan Sonda, wato 'yan kasuwa irinka, sai dai aljihunsu ya fi zurfi. A 2009 suka sayi kashi 40 cikin ɗari na Neymar a kan riyal miliyan 5 na kuɗin Birazil. A 2013 yaron ya tafi Barcelona. Kuɗin da aka rubuta an biya Santos, ƙungiyar da ya baro, yuro miliyan 17.1 ne, a cikinsa aka cire wa DIS kasonsu, kusan miliyan 6.8. Daga baya ta bayyana cewa yuro miliyan 40 sun bi ta wata ƙofa zuwa kamfanin iyayen ɗan wasan, inda DIS ba su da ko kwabo. Suka kai ƙara Sifaniya, aka yi ta shari'a har Disamban 2022, kotu ta wanke duk waɗanda ake tuhuma. Waɗannan fa su ne suka dace da ɗan wasa mafi tsada a zamaninsa, 'yan ƙasa ne, da lauyoyinsu, kuma a lokacin doka ba ta hana ba.

Daga 1 ga Mayu 2015 FIFA ta rufe ƙofar. Ƙa'idarta ta ce babu ƙungiya ko ɗan wasa da zai ƙulla yarjejeniya da wani na waje, wadda za ta ba wannan mutum haƙƙin cin wani abu daga kuɗin sayar da ɗan wasan nan gaba. Ka lura da cewa har ɗan wasan aka ambata, domin idan ka tayar da maganar za a iya ce maka ai daga kason yaron za a yanka maka, ba na ƙungiya ba. Wannan ma yana cikin hanin. Ma'ana, takardar da za a ba ka dole a ɓoye ta. Ranar da ta fito fili ƙungiya da yaron ne za su sha hukunci, don haka ranar da kuɗi ya zo, kowa a cikinsu ribarsa tana cikin ya ce bai san ka ba. Kai kuma kana Kano, takardar da harshen Fotugal, kotun tana Sao Paulo.

Ko da a ce doka ta bari, zan ce maka a duk masu wasa goma sha ɗaya mai tsaron raga ne na ƙarshe da ɗan kasuwa mai juya kuɗi zai sa jarinsa a kai. Ɗan wasan gaba kamar tumatir yake, yana nuna da wuri, masu saye suna layi tun yana gona. Real Madrid ta amince da biyan Flamengo yuro miliyan 45 a kan Vinicius a 2017 yana ɗan shekara 16, ta jira ya cika 18 sannan ya tafi. Haka ta yi da Endrick na Palmeiras a ƙarshen 2022. Mai tsaron raga kuwa giginya ce, wanda ya shuka ba lallai ya sha 'ya'yan ba. Ana iya jefa matashin ɗan gaba cikin wasa saura minti goma sha biyar, ya ci ƙwallo ɗaya, duniya ta san shi. Ba a yi wa gola haka. Gurbi ɗaya ne, wanda ke ciki ba ya fita sai da rauni ko jan kati ko baƙin jini, kuma a Birazil masu wannan gurbi ba sa saurin tsufa. Rogerio Ceni ya riƙe ragar Sao Paulo har 2015 yana da shekara 42. Fabio ya ci kofin Libertadores na ƙungiyoyin Kudancin Amurka da Fluminense a 2023 yana da 43. Yaron da ke bayan irin waɗannan zai iya ƙare ƙuruciyarsa yana ɗumama benci.

Tunda an kafa maka hujja da Alisson da Ederson, bari mu buɗe littafinsu shafi-shafi, yadda za ka bi na wanda ya zo neman kaya bashi.

Alisson ya shiga makarantar ƙwallo ta Internacional a Porto Alegre yana ɗan shekara 10, a 2002. Bai buga wa manya wasa ba sai 2013, kuma a gabansa akwai yayansa Muriel, daga baya ga Dida, tsohon golan AC Milan. Da ya samu gurbin, har ya zama na ɗaya a tawagar ƙasa, Roma ta saye shi a 2016 a kan kuɗin da bai wuce yuro miliyan 8 ba. Wannan shi ne abin da ya shiga Birazil bayan shekara goma sha huɗu ana ciyar da shi ana horar da shi. A shekararsa ta farko a Italiya bai buga wasan lig ko ɗaya ba, Szczesny ne a raga. Sai a 2018 Liverpool ta biya yuro miliyan 62.5, da ƙarin da zai iya kai miliyan 10, lokacin yana da shekara 25. Wannan babban kuɗin da ake nuna maka na ciniki na biyu ne, kuma Roma ce ta kwashe mafi yawansa. Wanda ya riƙe kashi 10 a ciniki na farko, rabonsa ya ƙare tun ranar da yaron ya hau jirgin Italiya.

Labarin Ederson ya fi kama da na yaronka, shi ya sa zan daɗe a kansa. Ɗan Osasco ne, a gefen Sao Paulo, an haife shi a 1993. Ya shiga ƙungiyar Sao Paulo a 2008, ba a jima ba suka sallame shi. Benfica ta ɗauke shi cikin matasanta a 2009, ita ma bayan shekara biyu ta sake shi. Ya faɗa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Ribeirao a ƙananan rukunan Fotugal, daga nan Rio Ave a 2012. Manyan ƙungiyoyi biyu, waɗanda sana'arsu ke nan tantance yara, sun gan shi kullum a filin atisaye suka ce ya tafi. Kai bidiyon minti uku aka turo maka, kuma babu mai haɗa bidiyon gola ya sa ƙwallayen da suka wuce shi.

A 2015 Benfica ta sake sayen shi a kan kusan yuro dubu 500, ta ajiye shi bayan Julio Cesar. A Maris 2016 Julio Cesar ya ji rauni ana gab da wasan hamayya da Sporting, aka sa Ederson, suka ci ɗaya da nema, daga nan ƙofa ta buɗe masa. A Yuni 2017 Manchester City ta biya yuro miliyan 40. Da raunin nan bai zo a wannan mako ba, Allah kaɗai ya san yaushe ƙofar za ta buɗe. To su wa suka raba kuɗin? Benfica ba ta ci duka ba, domin tun wajen sayensa an bar rabin haƙƙin a hannun Rio Ave da kamfanin Jorge Mendes, dillalin da ya shekara da shekaru yana riƙe da Cristiano Ronaldo. Ƙungiya mai rajista da dillali mafi ƙarfi a ƙasar, wanda shi ne ke kai yaron inda za a gan shi. Da ɗan gari akan ci gari, Alhaji. Babu baƙon da ya aiko da kuɗi daga nesa a wannan rabo.

Sannan akwai abin da masu tallar ba sa faɗa. Kasonka ba a jikin yaron yake ba, a jikin kuɗin sayarwa yake, kuma kuɗin sayarwa ba ya samuwa sai idan wata ƙungiya ta ɗauke shi kwantiraginsa bai ƙare ba. Ƙananan ƙungiyoyin Birazil da yawa gasar jiha kawai suke bugawa, a watannin farko na shekara, bayan nan su sallami 'yan wasa. Kwantiragin wata uku ko huɗu ba baƙon abu ba ne a can. Yaron zai iya jira nasa ya ƙare, ya koma babbar ƙungiya kyauta, a ba shi da wakilinsa kuɗin sa hannu, ya zama tauraro, kai kuma kashi goma na babu ya zama rabonka. Ba a karya wata doka ba, ba ka da wanda za ka kama. A alƙaluman da hukumar ƙwallon Birazil ta fitar a 2016, sama da kashi 80 cikin ɗari na ƙwararrun 'yan wasan ƙasar albashinsu bai wuce riyal dubu ɗaya a wata ba. Yaronka daga cikin wannan taro yake fitowa, ba daga hoton Alisson ba. Ɓangaren addini kuwa ba fannina ba ne, amma ka kai wa malaminka maganar sayen abin da ba a san zai samu ba, ba a san yaushe ba, ba a san nawa ba. Ina jin na san amsar da zai ba ka.

Yanzu ka auna da takalmanka. Ban san sau nawa kake juya kaya a shekara ba, amma a ce sau uku ne, ribar kashi goma a kowane juyi. Wannan dala dubu 20 tana kawo maka dubu 6 a shekara, uwar kuɗin tana nan, kana ganin kayanka a shago. Idan ka binne ta shekara shida, ka bar dubu 36 ko da ba ka mayar da riba cikin jari ba. Kafin ka dawo daidai, sai an sayar da yaron a kan abin da ya haura dala dubu 500, kuma a kira ka a ba ka naka. Ga ragin da rabin jari zai yi wa sarinka: kwantena ta ragu, farashin da ake ba ka ya tashi, abokan ciniki su saba da shagon maƙwabci.

Idan ƙwallon ce ta shiga ranka, hanyar da doka ta sani ƙungiya ce. Ana cire kashi 5 cikin ɗari daga kuɗin sayar da ɗan wasa zuwa wata ƙasa, a raba wa ƙungiyoyin da suka raine shi daga shekara 12 zuwa 23: kwata na kashi ɗaya ga kowace shekara daga 12 zuwa 15, rabin kashi ɗaya ga kowace shekara daga 16 zuwa 23. A ciniki irin na Ederson wannan yuro miliyan 2 ke nan, kuma ana biya duk lokacin da aka sake sayar da shi, ba sau ɗaya ba. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishin da kuɗin ke bi ta cikinsa zuwa asusun ƙungiyar da sunanta ke cikin rajistar yaron. Manyan masu kuɗi ma ta nan suke shiga, su sayi ƙungiyar ɗungurungum, kamar yadda Ronaldo na Birazil, tsohon ɗan wasan gaba, ya yi da Cruzeiro bayan dokar 2021 da ta ba ƙungiyoyin Birazil damar zama kamfanoni. Daidai ƙarfinka shi ne ƙaramar makarantar ƙwallo a gida, mai rajista da hukumar ƙwallon Najeriya, kowane yaro da takardarsa. Ita ma ba da rabin jari ake yin ta ba. Da rarar da za ka iya mantawa da ita ake yi, domin mafi yawan yaran ba za su kawo sisi ba, kuma golanka zai fi kowa daɗewa. Gola Stanley Nwabali yana Katsina United har 2022, Najeriya ba ta san shi ba sai a gasar Afirka ta farkon 2024, yana da shekara 27.

Saura abokin hulɗarka, wanda ya fi yaron daraja a wurinka, tunda ta hannunsa abincinka ke zuwa. Kada ka ce masa damfara ce. Ka roƙe shi abu biyu: cikakken sunan yaron, da sunan wakilin. Hukumar ƙwallon Birazil tana wallafa kwantiragin da aka yi wa rajista a wani shafinta na intanet da ake kira BID, a nan za a ga ko yaron yana da kwantiragi da ƙungiyar da aka ambata. FIFA ma tana da jerin wakilai masu lasisi da kowa zai iya dubawa. Sai ka ce masa ya tambayi wakilin ko zai yarda shugaban ƙungiyar ya sa hannu a takardar kasonka, a kai ta hukuma. Idan shi ma ya riga ya zuba nasa kuɗin, ka shawarce shi ya nemi a mayar da takardar ta zama ta bashi, da sunan wanda ya karɓa, da ranar biya, tun makon da aka ɗibar muku bai ƙare ba.