Ƙarin Tunkuza Ba Shi Ne Ƙarin Madara Ba

Ka ce ka ninka wa akuyar tunkuza, madara tana nan yadda take, sai zarnin fitsari da ya cika garke. To yaro, kuɗin tunkuzar ne kake shaƙa.

Hantsa ce ke gina furotin ɗin madara da ƙananan tubala iri 20 da ake kira amino asid, waɗanda take tsamowa daga jini. Lita ɗaya ta madarar akuya tana ɗauke da furotin wajen giram 30 zuwa 35, mafi yawansa kezin, wanda shi ne ke daskarewa idan nono ya yi tsami. Amma abin da ka zuba a kwano ba ya zarcewa hantsa. Tumbi yake fara shiga, ƙwayoyin halittar da ke ciki su farfasa yawancin furotin ɗin ya koma amoniya, su gina jikinsu da ita. Su ɗin ne akuya ke narkarwa a gaba, hanji ya tsotsi tubalan zuwa jini.

Ƙwayoyin nan ba sa gini sai da abincin ƙarfi. In babu dusa ko masara isasshiya, amoniya ta yi musu yawa, hanta ta mai da ita yuriya, akasarinta ta bi fitsari. Abin da ya same ka ke nan.

Sannan akwai tubala biyu da suka fi saurin ƙarewa, laisin da metayonin. Ɗaya ya yanke, ginin ya tsaya, ko sauran sun yi tsibi. Masara da tunkuza duk ba su da laisin sosai, don haka ka riƙa sa ɗan gasasshen waken suya. Gashin yana sa wani ɓangare ya tsallake tumbi lafiya. Kada dai ya ƙone.

Haɗa dusar masara awo 4 da tunkuza awo 1, bisa nauyi, da ɗan gishiri. Ba ta wajen giram 400 kan kowace litar madara da take bayarwa a rana, rabi safe rabi yamma, bayan ta ci harawa. Canjin abinci a hankali, cikin kwana 7 zuwa 10, in ba haka ba tumbi ya yi tsami ta kama zawo. Da damunar Kaduna tunkuza na saurin fumfuna, gubarta kuwa har a madara take fita, in tunkuzar ta yi fumfuna zubar da ita.

Jar akuyarmu ma ba mai yawan madara ba ce. In ta kai iyakar jininta, ƙarin abinci kitse zai zama.