Me ya sa Nicholas Nickleby na talabijin bai yi kama da fim ba?

Tambaya: Na kalli shirin Nicholas Nickleby na shekarar 1982, sai na ga 'yan wasa suna juyowa suna ba da labarin da bakinsu, mutum ɗaya yana fitowa a matsayin mutane da dama, kuma babu titi ko gida na gaske. Rashin kuɗi ne ya jawo haka, ko da gangan aka yi?

Amsa: Da gangan aka yi, malam, domin abin da aka ɗauka a kyamara wasan dandamali ne, kuma shi aka so a adana. Charles Dickens ya fitar da littafin kashi-kashi tsakanin 1838 da 1839. A 1980 David Edgar ya mayar da shi wasan kwaikwayo ga kamfanin Royal Shakespeare, Trevor Nunn da John Caird suka ba da umarni, aka buɗe shi a gidan wasan Aldwych da ke Landan, yana cin kusan awa takwas da rabi. Bayan wasan ya je Broadway, unguwar gidajen wasa ta New York, ya ci lambar yabo ta Tony, sai Jim Goddard ya ɗauke shi a gidan wasan Old Vic, tashar Channel 4 ta Birtaniya ta nuna shi a Nuwamban 1982, watan da ta fara aiki.

Ba da labarin da kake gani shi ne ƙashin bayan aikin. Daɗin Dickens yana cikin muryar marubucin, yadda yake siffanta hazon Landan da yunwar yara, kuma wannan muryar ita ce abu na farko da ke salwanta idan an mayar da littafi fim. Edgar ya raba ta ga 'yan wasan, wannan ya fara jimla, wancan ya ƙarasa, har ya zama jama'ar gari ne ke ba da labarin kansu. 'Yan wasa ƙasa da hamsin suka ɗauki mutane fiye da ɗari, saboda haka fuskar da ka gani cikin mayunwatan yaran makarantar Dotheboys Hall za ka sake ganinta cikin masu hannu da shuni. A ganina wannan yana faɗin wani abu game da talauci wanda gini na gaske ba zai faɗa ba.

Ka sake duba wurin da Nicholas zai tafi Yorkshire tare da mugun malamin nan Squeers, mai makarantar Dotheboys Hall. A gaban idonka ake tara kwanduna da tebura, mutane su hau su zauna suna jijjiga, sai ga keken doki ya tashi. Da an kawo doki na gaske, da an kashe abin da ya sa mutane suka yi ta tururuwa zuwa gidan wasan.

Akwai hasara, ba zan ɓoye ba. A gidan wasa 'yan wasan suna ratsa cikin 'yan kallo, ido kuma yana zaɓar inda zai duba, alhali a talabijin kyamara ce ke zaɓa maka. Amma ribar ta fi yawa a wurin Smike, yaron da aka wulaƙanta, wanda David Threlfall ya fito a matsayinsa. Idan kyamara ta matso kusa, kana ganin yadda bakinsa ke kokawa da kowace kalma kafin ta fito, da yadda Roger Rees, wato Nicholas, ke sunkuyawa yana jiransa ba tare da gaggawa ba. Wanda ke kujerar baya a Aldwych bai taɓa ganin wannan ba.

Ka lura kuma da rufewar shirin, wadda ƙarin masu wasan ce a kan littafin: ana cikin waƙar Kirsimeti, kowa na murna, sai Nicholas ya hango wani yaron a yashe cikin sanyi, ya je ya ɗauke shi a hannu ya fuskanci masu kallo. Shirin ya ci lambar Emmy a Amurka a 1983.