Amsar Alhaji kan madabod ɗin kwamfutar ofis mai monita biyu

Assalamu alaikum warahmatullah, jama'ar wannan zaure. Alhaji, barka da yamma, da fatan an tashi aiki lafiya. Na saurari saƙonka tun da hantsi, inda ka ce kana son a haɗa wa akawunku kwamfutar tebur a ofishinku na Birnin Kebbi, wadda za ta ɗauki monita biyu, ɗaya don Excel ɗaya don takardun da yake kwafowa, kuma ka tambayi madabod, wato babban allon cikin kwamfuta da ake haɗa komai a kansa, mai sauƙin kuɗi da zai yi wannan aiki.

Kafin ka tura wa kowa ko sisi, ka juya monitocin nan biyu ka dubi bayansu, domin su ne za su gaya maka irin madabod ɗin da za ka saya. Idan ɗaya tana da kafar HDMI, ɗayar kuma tsohuwa ce mai shuɗiyar kafar nan ta VGA da ake ɗaure wa da sukurori biyu, to sai ka nemi madabod mai waɗannan kafofi biyu a bayansa. Idan duka sababbi ne, wanda yake da HDMI da DisplayPort ya fi, saboda rubutu ya fi fitowa tar a kansu, kuma wanda zai wuni yana kallon lambobi idonsa zai gode maka.

Abin da ya fi damuna, wanda kuma ya sa na ga ya kamata in yi magana da murya, shi ne cewa waɗannan kafofi ba su da hoton kansu, daga furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, suke samunsa. A wajen Intel, duk furosesar da sunanta ya ƙare da harafin F, kamar i3-12100F, ba ta fitar da hoto ko kaɗan sai an saya mata katin hoto daban. A wajen AMD kuwa, a jerin Ryzen 5000, mai harafin G ake nema, wato 5600G. Ita 5500 ko 5600 zalla ba za ta kunna maka monita ba. Na taɓa zuwa wani ofis a Gusau inda aka sayo musu mai F ɗin don ta ɗan fi araha, fanka tana juyawa, fitilar gaba tana ci, amma monitocin biyu baƙi ƙirin, har sun canza wayar monita sau uku suna zaton ita ce ta lalace. Kuɗin katin da suka saya daga baya ya cinye rangwamen da suka samu, har da ƙari.

Don haka shawarata ita ce madabod mai H610, na Asus ko Gigabyte ko MSI, tare da i3-12100 marar F, wadda ta fito a 2022 kuma ta wadatar da aikin ofis. Idan AMD aka fi samu a hannu, madabod mai A520 da furosesa 5600G su ma sun yi. Sai dai H610 iri biyu ne, akwai mai karɓar RAM (ma'ajiyar wucin gadi da kwamfuta ke aiki da ita) nau'in DDR4 akwai mai karɓar nau'in DDR5, kuma ba sa shiga ramin juna, saboda haka a karanta kwalin. A sa RAM guda biyu masu 8GB maimakon guda ɗaya mai 16GB, domin furosesar da RAM ɗin take aikin hotonta, kuma idan biyu ne ta fi sakewa. A tabbatar akwai gurbin M.2, inda ake sa SSD, wato ma'ajiyar fayiloli mai sauri.

Wani ɗan'uwa a nan ya kawo maganar abin raba HDMI gida biyu. Malam, wannan hoto ɗaya yake maimaitawa a duka monitocin, ba zai ba akawu fili biyu ba. Kowace monita da wayarta zuwa madabod, sannan a danna maɓallin Windows tare da P a zaɓi faɗaɗawa.

Sauran kuɗin da aka rage, don Allah a sa su a fawa safulai mai kyau, wato akwatin da ke ba kwamfutar wuta, da UPS, batirin da ke riƙe ta idan an ɗauke wuta, domin yawancin madabod ɗin da ake kawo mini a ƙone, lokacin sauyawa daga wutar NEPA zuwa janareta ne suke tafiya. Kuma da hunturu a riƙa buɗe akwatin ana hure ƙura.

Alhaji, idan daga Kano za a aiko maka, ka sa mai shagon ya haɗa monita biyu a gabansa ya turo maka bidiyo kafin ya ba direba. Ni kuma ka ɗauko mini hoton bayan monitocinka ka turo nan, in sha Allahu bayan sallar isha'i zan faɗa maka ainihin lambar madabod ɗin da ta dace da su.