Amsa: Tattaki a Robberg da yara

Malam, ka ce za ku bi ta Plettenberg Bay a Afirka ta Kudu kai da iyali, rabin yini kawai gare ku, ko Robberg, wato wurin tattaki a kan dutsen da ya kutsa cikin teku kusa da garin, ta cancanci a tsaya? Ta cancanta sosai, sai dai kada kwaɗayi ya ja ka zagaye dutsen gaba ɗaya.

Hanyoyi uku ne, duk daga wurin ajiye motoci suke tashi. Ta Gap kilomita 2 ce da ɗan ɗoriya, kamar rabin awa. Ta Witsand kimanin kilomita 5 da rabi. Ta Point ta haura kilomita 9, akwai hawan duwatsu masu santsi, kuma idan teku ya cika tana da haɗari. Wannan ka manta da ita tunda da ƙananan yara kake.

Ni dai Gap zan ce ku bi, ku leƙa kogon Nelson Bay, inda aka tono kayan mutanen zamanin dutse. In yaran sun ɗan tasa, ku ƙarasa Witsand, don ta nan ake hango garken dabbobin tekun da ake kira sil, kwance a gindin dutse. Tun kafin ido ya gan su hanci zai ba ku labari.

Silifas ba na wurin ba ne, a sa takalmi mai kama ƙasa. Inuwa kusan babu, iska kuma na iya tsige hula, ku riƙe ruwan sha. Hukumar CapeNature ke kula da wurin, ana biyan kuɗin shiga a ƙofa. A bakin gangare ka riƙe hannun ƙaramin da kyau.