Tabon hujin kunne da ya zama ƙullutu: a yanke ko a bari?

Tambaya: Likita, 'yata mai shekara 16 ta ƙara hujin kunne bara. Wurin ya yi ƙullutu kamar gujiya, yana ƙaiƙayi, kuma sai girma yake. Wanzami ya ce zai yanke. Me kuka gani? Daga wata uwa a unguwar Birni, Damagaram.

Amsa: Hajiya, kada ki yarda aska ta taɓa shi. Tabo mai kauri iri biyu ne. Akwai wanda ke tsayawa iya bakin ciwon, yakan lafa da kansa cikin shekara ɗaya ko biyu. Akwai kuma keloyid, mai ƙetare iyakar ciwon ya ci lafiyayyar fata, kuma alamun na 'yarki sun fi kama da shi. Jiki ne ke ci gaba da saƙa nama bayan rauni ya warke, shi ya sa kowane sabon yanka abinci ne gare shi. Ko a asibiti aka cire shi ba a haɗa da wani magani ba, galibi yakan dawo, wani lokacin ya fi na da. Ɗaure shi da zare ma haka, ga ruɓewa.

Abin da ake farawa da shi allurar triamcinolone ce (a farmasi Kenacort), a cikin naman tabon kansa, ba a ɗuwawu ba. Ana maimaitawa duk sati 4 zuwa 6, sau uku zuwa shida. Ƙaiƙayin ke fara tafiya, sannan ƙullutun ya yi laushi ya sauka. Da zafi, gaskiya. Idan maganin ya zarce ƙarƙashin tabon, fatar gefe takan yi fari ta lotsa, don haka aikin likitan fata ne. Ku nemi a tura ku wurinsa ta Babban Asibitin Damagaram.

In ya yi girman da allura ba ta isa ba, a yanke a asibiti, a bi da allurai, ta kuma riƙa sa ɗan kunne mai matsewa aƙalla wata 6.

Filastar silikon ta fi amfani ga sabon tabo: awa 12 ko fiye kullum, wata 2 zuwa 3. Da zafin Afrilu gumi kan ɓamɓare ta, silikon na shafawa ya fi zama. Maganin ƙanƙarar da tabo da matsanancin sanyi kuwa kan bar farin tambari a baƙar fata.

Daga yau ban da sabon huji, tsaga ko ƙaho a jikinta. A lura da ƙannenta ma, domin abin yana bin jini.